Neman kalma: ƙarafan wuyan jitar bas, kafin Alhamis

Mai Shirin Rediyo: Assalamu alaikum. Ina da shirin matasa ranar Alhamis a kan jitar bas, wato jita mai kaurin amo, kuma gobe da yamma zan miƙa rubutun. Abu biyu ne suka hana ni gaba: ƙarafan nan da ke gicciye a wuyan jita, waɗanda makaɗa ke ce wa firet, da salon kiɗan da suke ce wa silaf. So nake in ce yawan firet yana shafar silaf, yadda direba a cikin mota zai gane.

Malamin Nahawu: Wa alaikumus salam. Firet a ce madanni, jam'i madannai. Daga danna, kamar yadda muka sami mabuɗi daga buɗe. Silaf kuma kada wani ya ce mari, mari na kunci ne.

Makaɗin Bas daga Jos: Malam, Allah ya ƙara sani, amma ba a danna ƙarfen. Bayansa kaɗan ake danna tsirkiya ta kwanta a kansa. A silaf kuwa, gefen babban yatsa ne ke dukan tsirkiya a ƙarshen wuya, ta daki ƙarfen ƙarshe ta dawo, shi ne wannan "tas" da ake ji. Sannan manuniya ta shiga ƙarƙashin siririyar tsirkiya, ta fizgo ta sake.

Nan maganar yawa ta shigo. Jitar Precision ta kamfanin Fender, wadda ta fito a 1951, da jitarsu Jazz ta 1960, ƙarafa 20 gare su. Da yawa daga cikin na zamani, irin Ibanez SR, 24 ne. A jita mai tsirkiya inci 34, ƙarfe na 24 yana gaba da na 20 da inci biyu da ɗan wani abu. Wannan filin ne katakon wuya ya cinye, kuma nan ne manuniya ke neman shiga. Mai kaurin yatsa zai ji ta matse tsakanin katako da maganaɗisun ɗaukar sauti. Wurin dukan ma ya matsa kusa da jaki, wato abin da ke ɗauke da tsirkiya a jikin jita, inda tsirkiya ta fi tauri, sai amon ya ɗan rage kauri.

'Yar Zariya: Yaya mai shiri, me zai hana mataki? Tunda lissafa su ake yi: mataki na 12, mataki na 20. Kowane ɗaya sauti ya hau. Yaro ma zai gane.

Malamin Nahawu: Mataki ta gaji da aiki. Gwamnati ta ɗauki mataki, matakin jarrabawa, yanzu kuma jita? Abin da ke ci mini rai shi ne muna da garaya, molo, gurmi, kuntigi, muna da tsirkiya da jaki tun kaka da kakanni, amma yaranmu sai firet, sai silaf, kamar harshen ba shi da uwa.

Makaɗin Bas daga Jos: Duk waɗanda Malam ya lissafa babu mai ƙarfe a wuya, shi ya sa kakanni ba su bar mana suna ba. Ita kanta jita aro ce. Ka shiga wurin atisaye ka ce "koma madanni na biyar" ka ga ko mai ganga ba zai tsaya yana kallonka ba.

Ɗan Maraɗi: Mu ma nan firet muke cewa, don Faransanci ma kusan haka yake faɗa. Madannai kuwa ni allon kwamfuta take kawo mini.

Malamin Nahawu: To, don Ingilishi da Faransanci sun yi baki ɗaya sai mu durƙusa? Wanda ya fara cewa jirgin sama da na'ura mai ƙwaƙwalwa bai jira izinin kowa ba.

'Yar Zariya: Malam, ba a raina ƙoƙarinka. Amma Larry Graham, Ba'amurken da ake danganta salon da shi tun yana tare da ƙungiyar kiɗa ta Sly and the Family Stone, kalmomin gida ya yi amfani da su, ma'anarsu bugu da fizga. Mu ma mu ce bugu da fizga.

Makaɗin Bas daga Jos: Wannan na yarda. Sai dai mai shiri, kada ka gaya wa mutane jita mai 24 ba ta yi wa silaf. A cikin gwanayen silaf, Marcus Miller da jitar Jazz mai 20 ya yi suna, Louis Johnson da jitar StingRay, amma Victor Wooten jitar Fodera mai 24 yake kaɗawa, kuma kowa ya san abin da yatsansa ke yi. Ka ce fili yake raguwa, sai hannu ya saba. Tazarar tsirkiya da tsirkiya, da tsayinsu daga wuya, su ma suna da nasu.

Mai Shirin Rediyo: Na gode ƙwarai. Ga abin da na rubuta: "Jita mai mataki 24 tana rage wa yatsa fili wajen bugu da fizga, salon da makaɗa ke kira silaf." Da farko zan ce ƙarfen mataki, wato firet, sau ɗaya.

Malamin Nahawu: Bugu da fizga ta yi, ba ni da ja. Matakin nan dai ban sa hannu ba. A ajina madanni zan ci gaba da koyarwa. Ka turo mana lokacin shirin.