Tikitin Hajiya ya rikita ni: awa nawa ne daga Kano zuwa Jidda?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Zan raka mahaifiyata Umra, kuma ba ta taɓa hawa jirgi ba. A jikin tikitin na ga tsakanin tashi da sauka awa bakwai, alhali maƙwabcinmu da ya je ya ce awa biyar suka yi a sama. Hajiya tana da ciwon gwiwa, ko zuwa Zariya a mota sai mun tsaya a Kwanar Dangora ta miƙe ƙafa. Wai nisan nawa ne takamaimai?

Malam na Sabon Titi:
Wa'alaikumus salam. Kai da maƙwabcinka duk kun yi daidai. Agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu, tikiti kuwa lokacin garin da za a sauka yake rubutawa. Cire biyu daga bakwai ɗin nan. Ranar dawowa za ka ga kamar awa uku kacal, kada ka yi murna, lissafin ne ya juya. Nisan kai tsaye kimanin kilomita 3,400 ne: a ratsa Chadi, a ratsa Sudan, a haye Bahar Maliya. Sai dai da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 an rufe sararin samaniyarta, jirage suka riƙa zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo. Kuma ka duba da kyau ko jirgin zai yada zango a Alƙahira ko Addis Ababa, don wannan shi ke cinye wa mutum yini guda.

Maman Ilham:
Ƙanina, bar batun kilomita, ka nema mata kujerar bakin hanya kusa da banɗaki. Ni tawa uwar ta ƙi shan ruwa tun daga filin jirgin Malam Aminu Kano don kunyar tayar da mutanen da ke gefenta, muka sauka tana jiri. Ka nemi keken guragu tun wajen sayen tikiti. Maganinta ya zauna a jakar hannu. Kai kuma in Makka za ku fara, ka sa haraminka a kusa, a sama ake sanar da miƙati.

Ɗan Mai Wurno:
Ina karantawa daga nesa ina murmushi. Kakan kakana hanyar nan ya biyo a ƙasa bayan yaƙin Burmi da aka yi da Turawa a 1903, yana noma a hanya don neman guzuri. Niyyarsa ya isa Sawakin, garin Sudan da ke bakin Bahar Maliya, ya shiga jirgin ruwa, sai ga mu jikokinsa a bakin kogin Nilu. A gaishe da Hajiya, ta sa Sudan a addu'a.

Ɗan Fagge:
Allah ya saka da alheri. Na sake dubawa, kai tsaye ne, babu zango. Yaya Maman Ilham, keken nan biya ake yi, ko faɗa wa ejan kawai zan yi?