Neman kalma: kasuwa mai tasowa, ko mai neman gindin zama?

'Yan uwa masu fassarar labaran tattalin arziki, ku zo mu tsayar da magana ɗaya a kan "emerging market". Kusan kowa "kasuwa mai tasowa" yake rubutawa, ni kuma raina bai kwanta da ita ba.

Kunnen Bahaushe ya riga ya saba da "ƙasashe masu tasowa", wato matalautan ƙasashe baki ɗaya. Alhali kasuwannin hannayen jarin da ake nufi su ne irin na Indiya, Brazil, Turkiyya, Indonesiya da Afirka ta Kudu, masu manyan kamfanoni da kuɗi jingim.

Wani ɗan uwa ya kawo "sabuwar kasuwa". Malam, a yi haƙuri, wannan ba za ta shiga ba. An kafa kasuwar hannayen jari ta Bombay tun 1875, ta Johannesburg kuma 1887. Sunan Turancin ne sabo: Antoine van Agtmael ya ƙirƙiro shi a 1981, yana aiki a wani reshe na Bankin Duniya, don masu zuba jari su daina gudun ƙasashen da a lokacin ake kira "duniya ta uku", wato masu tasowa.

Abin da ya haɗa kasuwannin nan shi ne yadda iskar waje ke kaɗa su. A watan Mayun 2013, Ben Bernanke, shugaban babban bankin Amurka a lokacin, ya nuna cewa bankin zai iya rage sayen takardun lamuni, wato takardun bashi, hanyar da yake bi yana zuba kuɗi a kasuwa. Magana ce kawai, ba a rage komai ba tukuna. Amma masu jari na ƙetare suka fara kwashe kuɗinsu daga kasuwannin nan, kafin ƙarshen Agusta darajar rupi, kuɗin Indiya, ta faɗi har dala ɗaya ta haura rupi 68.

Ku dubi kamfani guda a irin wannan hali. Injinansa na aiki, ma'aikata na zuwa, ciniki bai ragu ba. Sai dai baƙon da ya sayi hannun jarinsa da dala yake lissafi. Kuɗin ƙasar na faɗuwa, ribarsa na zagwanyewa, sai ya sayar. Babban banki ya ɗaga kuɗin ruwa don ya tare faɗuwar, bashi ya yi wa kamfanin tsada, 'yan ƙasa masu ajiya su ma su koma takardun lamunin gwamnati. Ga hauhawar farashi na cin aljihun masu sayen kayansa. Farashin hannun jarin ya sauka ba tare da kamfanin ya yi laifin komai ba.

Shi ya sa nake ganin "kasuwa mai neman gindin zama" ta fi ɗaukar ma'anar. Tana da ƙarfi, tana ci, amma ba ta zauna daram ba. Kuma ta zo da abokiyarta: irin ta New York ko Landan sai mu ce "kasuwa mai gindin zama".

An kawo "ɗanyar kasuwa" ma, gajera ce, amma tana jawo tunanin ɗanyen aiki, kamar ana zargin ha'inci.

Na san tawa ta yi tsawo ga kanun labari. Mai gajera da ba ta zubar da wannan ma'anar ba, don Allah ya kawo mu gwada ta a jumla.