Tsohuwar kwalbar gilashi mai murfi, ta yaya zan gane inda aka ƙera ta?

Maman Ilham:
Salam jama'a, dan Allah masu sanin kayan da ku taimaka min. Na sayi wata kwalbar gilashi a wajen masu gwanjo, irin wadda Turawa ke zuba abin sha su ɗora a tebur, mai dogon wuya da murfin gilashi, jikinta duk zane ne yankakke kuma ga nauyi. Mai shagon ya rantse min 'yar Faransa ce amma na duba ko'ina ban ga rubutu ba. Ya ake gane kamfanin da ƙasar? Ni dai zoɓo nake so in riƙa zuba wa baƙi a ciki.

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam Hajiya. Maganar mai shago ki ajiye ta gefe tukuna. Ki wanke ta, ki kifa ta, ki haska gindin da tocilar waya ta gefe, don tambarin ba fenti ba ne, dishi-dishi yake a jikin gilashin sai haske ya karkata ake ganinsa. In ta kamfanin Baccarat ce na Faransa, daga 1936 suke sa ɗan zagaye mai hoton kwalba da kofuna da sunansu a ciki, kafin nan takarda suke liƙawa. Waterford ta Ailan ita ma sunanta take sawa, kamfanin ya rufe a 1851 sai 1947 aka farfaɗo da shi, to mai irin wannan tambarin nasu na dishi-dishi ta bayan nan ce. Amma da yawan masu irin wannan yankan 'yan Bohemiya ne, wani yanki na tsohuwar ƙasar Czechoslovakia, su kuma yawanci sitika ce, da an wanke sau biyu ta tafi. In kika ga ragowarta da Made in Czechoslovakia to tsakanin 1918 da 1992 aka yi ta.

Anti Rabi:
Ƙanwata rashin tambari ba ya nufin jabu ce fa. Ki shafa gefenta da yatsa, in kin ji layi a tsaye daga wuya har ƙasa to a mazubi aka matsa ta, bakin zanenta ma za ki ji shi a dakushe, wadda aka yanka da hannu kuwa bakin zanen da kaifi. A gindi in akwai ɗan lotsawa zagaye mai santsi, wajen sandar mai hura gilashin ne aka goge. Sannan ki cire murfin ki duba ƙafarsa da bakin kwalbar, sukan karce lamba iri ɗaya a duka biyun saboda kowane murfi da tasa kwalbar aka daidaita shi.

Maman Ilham:
Anti na gode wlh, na ga lambar, iri ɗaya ce sama da ƙasa, layi babu, tambari ma babu. Akwai kuma wani farin ƙarfe a wuyan da 'yan hatimai ƙanana, da na ɗauka ado ne kawai.

Baban Khalifa:
Yauwa to nan ne aikin yake! In azurfar Ingila ce za ki ga zaki yana tafiya, anka (ƙugiyar jirgin ruwa) kuma garin Birmingham ke nan, kan damisa Landan, kambi Sheffield (kafin 1975), harafin da ke gefe shi ke nuna shekara. Sai dai ki sani shekarar azurfar ce da maƙerinta, gilashin kan iya zuwa daga wata ƙasa dabam. Ki ɗauko hoton hatiman kusa-kusa mu gani.

Dakta Hadiza:
Hajiya batun zoɓon ne ya dame ni. Wannan nauyin, musamman in tana amo mai tsawo idan kin ƙwanƙwasa, alamar akwai dalma a gilashin ne, irin gilashin da ake kira kiristal mai dalma yana da kashi 24 cikin 100 ko fiye. Abu mai tsami yana jan dalmar in ya daɗe a ciki, zoɓo kuma da tsaminsa. Dan Allah kar ya kwana a ciki, yara da masu ciki kuma ki zuba musu daga jug.