Shin digirin digirgir yana ƙara wa mai neman gurbin karatun likita dama?

Ɗan Argungu:
Assalamu alaikum. Ina da digiri na farko da na biyu a fannin bayokemistiri, yanzu kuma ina dab da kammala digirin digirgir, sai dai tun ina sakandare burina shi ne aikin likita. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar, shin waɗannan digirori da muƙalun da na wallafa za su fifita ni a kan sauran masu nema a jami'o'in da ke kusa da mu, kuma za a rage mini shekarun karatu saboda su?

Likita a Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya sa albarka a karatun. Gaskiyar magana, tsarin ɗaukar ɗalibai a Nijeriya bai tanadi wata ƙofa ta musamman ga mai digirin bincike ba. Hanyar da ta dace da kai ita ce ta shiga kai tsaye da hukumar JAMB ke gudanarwa, wadda ke kai mutum aji biyu, ya yi shekara 5 maimakon 6. Abin da ya jawo wannan ragin shi ne digirinka na farko, don haka darajar da ka fita da ita a lokacin ita za a fara dubawa, kuma jami'o'i da yawa ba su karɓar abin da ya gaza daraja ta biyu ta sama. Daga nan sai a koma kan sakamakon WAEC ko NECO, inda ake buƙatar kiredit a Turanci da Lissafi da Fizis da Kemistiri da Bayoloji, galibi a zama ɗaya. Wanda bai da kiredit a Fizis, ko da farfesa ne, takardunsa ba za su wuce ba.

Babbar matsalar kuwa ƙarancin gurabe ce. Majalisar da ke kula da aikin likitoci, wato MDCN, ita ke ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta horar, gwargwadon malamanta da ɗakunan gwaji da gadajen asibitin koyarwarta. Kaso mafi tsoka na wannan adadi ɗaliban da suka taso daga aji ɗaya ne ke cinye shi, ɗan abin da ya saura shi masu digiri da sauran masu shiga kai tsaye ke rububi a kai.

Malama daga Zuru:
Ina goyon bayan abin da Dakta ya faɗa, amma akwai inda Malam yake da sa'a. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe ne kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'a, kashi 20 kuma ga jihohin da aka lissafa cikin masu ƙarancin ilimin boko, kuma Kebbi tana cikinsu. Saboda haka takardar shaidar ƙaramar hukumarka za ta fi muƙalunka tasiri a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, ko da yake wannan magana ba ta da daɗin ji ga wanda ya sha wahalar bincike. Amfanin karatunka zai fito ne bayan ka shiga, domin jarrabawar ƙwarewa ta farko, wadda ke kayar da ɗalibai da dama, a kan ilimin sassan jiki da na aikinsu da bayokemistiri ake yin ta. Duk da haka ba za a ɗauke maka darasin ba, za ka zauna a aji tare da sa'o'in ɗalibanka.

Wani malamin jami'a a Aliero:
Ɗan'uwa, tambayar da zan yi maka ita ce, duba marasa lafiya kake so, ko kusantar harkar lafiya? Idan na biyu ne, da digirin digirgir ɗinka kana iya koyar da ɗaliban likitanci a sashen bayokemistiri ka ci gaba da bincikenka. Idan kuwa na farko ne, ka lissafa shekara 5 na karatun da ba a haɗa shi da aiki, sai shekara 1 ta sanin makamar aiki a asibiti, kafin a ba ka cikakken lasisi. Ka fara tabbatar da cewa wurin aikinka zai ba ka hutun ƙaro ilimi don digirin likitanci, wanda a takarda digiri na farko ne, sannan ka nemi ƙa'idojin shekarar nan daga kowace jami'a kafin ka sayi fom.