Me ya sa Scully ce ke gaskatawa idan maganar addini ta taso a The X-Files?

Ɗan Sabon Gari:

Assalamu alaikum. Na koma kallon The X-Files tun daga zangon farko, shirin nan mai dogon zango da Chris Carter ya ƙirƙira, wanda tashar Fox ta Amurka ta fara nunawa a 1993, kuma akwai abin da ya ɗaure mini kai. Kowa ya san cewa a cikin manyan taurarin shirin, wato Mulder da Scully, jami'an hukumar bincike ta FBI, Mulder ne ke gaskata labarin baƙin halittu daga sararin samaniya, tun da yana ganin su suka ɗauke ƙanwarsa Samantha yana ɗan shekara 12, ita kuwa Scully likita ce da ba ta karɓar magana sai da hujjar kimiyya. Amma da na kai kashin "Revelations" na zango na uku, sai na ga sun yi musanyar matsayi. Yaro ne tafukan hannunsa ke zubar da jini kamar raunukan da Kiristoci ke danganta wa gicciye, Scully ta ɗauki abin da gaske, Mulder kuma ya yi watsi da shi. Shin kuskuren marubuta ne, ko da gangan suka yi?

Maman Ihsan:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Da gangan ne, kuma a ganina nan ne shirin ya fi ƙarfi. Scully ta tashi a gidan 'yan Katolika, kuma ƙaramar sarƙar gicciye ta zinariya da mahaifiyarta ta ba ta ba ta rabuwa da wuyanta. Ka tuna lokacin da take binciken gawar Owen Jarvis, mutumin da ya sadaukar da ransa don kare yaron: ta lura gawar ba ta fara ruɓewa ba, har ta ji ƙamshi kamar na furanni yana tashi daga gare ta, nan take ta tuna abin da aka koya mata tana ƙarama game da gawarwakin waliyyai. Mulder, wanda ya saba roƙonta ta buɗe zuciyarta ga abin mamaki, ranar nan shi ne ya ƙi saurarenta, shi ya sa a ƙarshen kashin ba wurinsa ta kai damuwarta ba, sai wurin fada, wato limamin cocin Katolika, inda ta ce tsoronta shi ne kada a ce Ubangiji yana magana amma babu mai saurare.

Wannan ya nuna cewa Mulder ma yana da iyakar abin da zai yarda da shi. Yana gaskata abin da yake fatan wata rana zai kama da hannu, ya fito da shi daga ɓoyon gwamnati, amma gaibin da ba a tabbatar da shi da hoto ko takarda ba ya jan hankalinsa. Ka duba kuma "Redux II" na 1997, inda sankarar Scully ta lafa bayan an sa mata wata 'yar na'ura a wuya, likita ya ci gaba da magani, ita kuma ta koma ga addu'a. Shirin ya ƙi faɗin wanne ne ya warkar da ita.

Malam na Tudun Wada:

Na yarda da bayanin Maman Ihsan, sai dai ba kullum ake bin wannan tsari ba. A "Signs and Wonders" na zango na bakwai, wanda ya faru a jihar Tennessee, akwai cocin masu riƙe macizai a lokacin ibada saboda fahimtar da suka yi wa ƙarshen Linjilar Markus, kuma Scully ce ta fi ƙyamar su. Mai kallo yana zargin fastonsu mai zafin wa'azi, alhali mugun shi ne ɗaya faston mai taushin murya da ba ya tsawata wa kowa, wanda daga baya aka nuna shi a wani gari da sabon suna yana haɗiye ɓera da rai.

Ina kuma so in ja hankalin ɗan'uwa kafin ya isa "Biogenesis" da "The Sixth Extinction". A can ne aka gano wani jirgin baƙin halittu a gaɓar tekun Kodebuwa, jikinsa ɗauke da rubutun da aka ce ya ƙunshi ayoyin Littafin Farawa na Baibul da na Alƙur'ani, da nufin a nuna cewa daga can addinai suka samo asali. Wannan ƙagen labari ne da Musulmi ba zai karɓa ba, kuma ban ji daɗinsa ba ko kaɗan. Haka "Babylon" na 2016, inda Musulmi suka samu babban gurbi a labari amma aka buɗe shi da harin bam a Texas, abin da ya jawo wa shirin suka mai yawa.

Ɗan Sabon Gari:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Yanzu ina tsakiyar zango na huɗu, kuma daren jiya na kalli "Kaddish", labarin Yahudawan Brooklyn da halittar da aka gina da laka bayan kisan wani ango. Zan dawo da tambaya a kansa idan na sake kallonsa a natse.