An rubuta "Tammat bi hamdillah", to sai me?

Jiya mun yi hira da 'yan uwa marubuta kan abin da suke yi in sun gama littafi. Yawanci sun ce farko sujadar godiya, sai sadaka ko ƙosai ne a raba wa yaran unguwa. Wata ta ce ita kam kashe data take ta sha barci, don taifin a waya ya gama cinye mata ido da yatsu wallahi. Shawarar da ta fi kama ni, kar ki yi gaggawar sakin shafin ƙarshe a Wattpad (manhajar da marubuta ke ɗora littattafansu a intanet), ki ajiye shi sati biyu sannan ki sake karantawa a natse, kuma ki tura wa kanki kwafi ta imel tun kafin waya ta lalace. Walima kuma sai an gama gyara.