Me za mu kira "vacuum" a shirin rediyo?

Mai Fassara: Salamu alaikum. Gobe da safe zan karanta rahoto kan sabon ma'aunin vacuum na NIST, hukumar kula da ma'aunai ta Amurka. Yana sanyaya ƙwayoyin zarra na sinadarin litiyom da hasken lesa ya tsare su, sannan ya lura da saurin da iskar cikin bututu ke bangaje su suna ficewa. Kalmar vacuum ce ta tsaya mini a wuya, ku agaza.

Baƙatsine: Wa alaikumus salam. Fanko mana. Fankon ashana, fankon kwalba. Ma'aunin fanko, magana ta ƙare.

Malamar Fizis: Malam, fankon kwalba cike yake da iska, matsinta kusan 101,325 a ma'aunin matsi na paskal. Kuma na'urar ba "babu" take aunawa ba, ɗan abin da famfo ya kasa zuƙewa take nema. Ma'aunin da masanin kimiyya Pirani ya ƙirƙiro a 1906 yana duba yadda zazzafar waya ke hucewa ne, in iska ta yi ƙaranci sai ya daina ji. Ma'aunai masu ƙirga ayon kuwa, wato ƙwayoyin iska masu cajin lantarki, hasken eksire da ke tasowa cikinsu ya riƙa ruɗa su, sai a 1950 masana Bayard da Alpert suka mayar da farantin tattara ayon siririyar waya, aka iya auna matsin da ya yi ƙasa sosai. Ni "ma'aunin ragowar iska" nake faɗa wa ɗalibaina.

Baƙatsine: Kalma uku a madadin ɗaya? Shi ya sa ake raina mu, ana cewa Hausa sai dogon bayani.

Ɗan Damagaram: A Faransanci vide ake cewa, wato fanko, ba wanda ya ji kunya. Amma kullum ku ke yankewa a Nijeriya, mu sai dai mu ji a rediyo.

'Yar Zazzau: A ce bakiyum kawai. Mun karɓi kwamfuta, me ya rage?

Baƙatsine: Aro kan aro, har yaushe? Ina da riga a gida ba zan ari ta maƙwabci ba.

Malamar Fizis: Rigar ta yi wa mai ita daidai tukuna, Malam. Mai sauraro ya ji fanko, kwalba zai hango.

Mai Fassara: Lokaci ya ƙure. Zan ce "ma'aunin ragowar iska" ga na'urar, wurin kuma "fankon da aka zuƙe wa iska". Na gode ƙwarai.

Baƙatsine: To, don gobe kaɗai na yarda. A ƙamus dai fanko zan rubuta.